Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Wa ke da Alhakin Waɗanda Ruwa Ya Ci a Jigawa?

Idan marka ta kama a watan Agusta, mazauna Takur da sauran unguwannin Dutse sun san abin da zai biyo baya tun kafin gidan rediyo ya faɗa. Waya za ta fara shigowa daga ƙauye: katanga ta faɗi, soro ya rufta, ruwa ya shanye gonar shinkafa, hanya ta yanke sai da kwale-kwale. Ma'aikacin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata zai raba shi biyu ya aika gida, uwargida ta ware zannuwa da kwanuka, a masallaci a yi shelar neman taimako bayan sallar Magariba. Wannan shi ne agajin da ke fara isa ga wanda ruwa ya ci a Jigawa. Sai bayan kwanaki jerin gwanon motoci zai tashi daga babban birnin jihar zuwa ziyarar jaje, a sauke buhunan shinkafa da masara, katan-katan na taliya, tabarmi da kwanon rufi, a ɗauki hoto, a yi addu'ar Allah ya kiyaye gaba. Waɗanda aka bai wa su yi ta godiya kamar an yi musu alfarma, masu bayarwa kuma su karɓi godiyar kamar daga aljihunsu suka fitar.

A wannan godiyar kuskuren yake. Abin da gwamnati ke kai wa mutumin da ambaliya ta raba da muhallinsa haƙƙinsa ne, bashi ne da ya hau kanta tun ranar da aka yi rantsuwar kama aiki, kuma yana sabuntuwa duk wata da kason Abuja ya shigo. Abin da ƙasashe masu arziki ke aikowa shi ma yana da kamannin bashi, domin hayaƙin masana'antunsu na cikin abin da ya birkita damina. Sai dai basussukan biyu ba matsayinsu ɗaya ba. Na gida shi ne tushe, na waje ƙari ne a kai, kuma ba ya tsinana komai sai ya tarar da mazubin da hukumar gida ta tanada. Mafi girman ɓangaren bashin gida kuwa da rani ake biyansa, lokacin da kogi ya janye ya bar wurin aiki. Tarihin ambaliya a wannan jiha cikin shekaru ashirin da 'yan kai ya isa hujja a kan haka.

Ruwan da ya san hanyarsa

Jigawa, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce da ke ƙarƙashin ruwan maƙwabtanta. Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil ya shigo ƙasar Ringim, ya ratsa yankunan Taura, Jahun, Miga, Auyo, Kafin Hausa da Haɗeja, ya bazu cikin fadamun Kirikasamma da Guri har Nguru, sannan abin da ya rage ya bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi. A saman kogunan akwai manyan madatsun ruwa biyu, Tiga wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, da Challawa wadda aka kammala a 1992, dukansu a hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta gwamnatin tarayya. Daga kudu kuma ruwan tsaunukan Jos da Bauchi na gangarowa ta wajen Gwaram da Birnin Kudu. Duk damina a kan ji ana ɗora laifin ambaliyar Najeriya a kan madatsar Lagdo ta Kamaru, to wannan zancen mutanen bakin Binuwai ne. Ruwan da ke cin Jigawa na gida ne, a gida yake sauka, hukumomin da ke kula da hanyarsa kuma duk 'yan gida ne. Babu baƙon da za a jingina wa.

Madatsun sun kawo alheri, domin su ne ƙashin bayan noman rani daga Kadawa har Auyo. Amma sun canza ɗabi'ar kogin. A da kogin kan cika da damina ya bushe da rani, bushewar nan kuma ita ke kashe ciyayin cikinsa. Da ruwa ya zama yana gudu kusan duk shekara, sai ciyawar kachalla ta samu gindin zama, ta yi duhu a rassan kogin, yashi da taɓo suka taru a gindinta, hanyar ruwa ta cushe. Ruwan da ya rasa hanyarsa kuwa ba ya komawa inda ya fito, gefe yake fashewa, gefen nan kuma gonaki ne da gidajen jar ƙasa. Manomi a Auyo ko masunci a Guri ba ya buƙatar masani ya yi masa wannan bayani, domin da hannunsa da laujensa yake yaƙin kachalla, da buhunan yashi yake ɗaure jinga cikin dare idan ruwa ya fara lasar bakin gari.

Jerin shekarun ma kansa shaida ne. A 2001 ambaliya ta yi ɓarna mai yawa a Kano da Jigawa. A watan Satumba na 2010 gwamnatin jihar ta ce kusan mutum miliyan biyu abin ya shafa, ta kuma zargi sakin ruwa daga Tiga da Challawa, hukumar kogunan ta musanta, aka yi ta jifan juna da laifi alhali mutane na kwance a azuzuwan makarantu. A 2012 ambaliyar da ta game ƙasa ta kashe mutum 363 ta raba sama da miliyan biyu da gidajensu. Ruwa ya sake dawowa Jigawa a 2018 da 2020. Sai 2022, shekarar da ba a manta ba: a faɗin ƙasa sama da mutum 600 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari uku suka rasa matsuguni, a Jigawa kaɗai gwamnati ta ƙidaya mamata 134. A cikin ƙaramar hukumar Dutse kanta, ƙauyen Karnaya ya wayi gari ɗaruruwan gidajensa sun zube. A 2024 ma an sake jana'izar waɗanda ruwa ya tafi da su ko gini ya danne. Abin da tun 2018 ke zuwa bayan shekara biyu-biyu, a lokaci guda, ta hanya guda, ya wuce a kira shi bazata. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar kula da harkokin ruwa ta NIHSA suna fitar da hasashensu duk shekara kafin faɗuwar damina, har da sunayen jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Kunne yana ji. Abin tambaya shi ne me ya sa gangar jiki ba ta tsira.

Abin da doka ta ɗora, da kuɗin da aka ware

Sashe na 14 na Tsarin Mulkin 1999 ya sanya tsaron jama'a da jin daɗinsu a matsayin babban dalilin kafa gwamnati. A 1999 ɗin aka kafa hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, bisa tsarin da ya tanadi cewa kowace jiha ta samu tata hukumar, wato SEMA, aikin kuma ya gangara har ƙananan hukumomi. A 2012 Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Kampala ta Tarayyar Afirka, wadda aka ƙulla a 2009, kuma wadda ta wajabta wa gwamnatoci kare mutanen da aka raba da gidajensu a cikin ƙasarsu, ko yaƙi ne ya kore su ko bala'in yanayi. A 2015 ta shiga cikin ƙasashen da suka amince da tsarin Sendai na rage haɗarin bala'o'i, wanda ruhinsa shi ne a kashe kuɗi kafin aukuwa maimakon bayan aukuwa. Ba a bar alhakin babu guzuri ba: tun 1981 akwai asusun kula da muhalli da ake cirewa daga asusun tarayya, jihohi da ƙananan hukumomi na da kasonsu a ciki duk wata, domin irin wannan rana.

To ina kuɗin ke shiga? Wannan ita ce tambayar da ba a cika amsawa ba. A 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya ware naira biliyan 17.6, ya kuma kafa kwamitin tara gudummawa ƙarƙashin Aliko Dangote da Olisa Agbakoba. A 2022 an kafa asusun neman taimako a Jigawa, aka tara sama da naira biliyan ɗaya daga attajirai da kamfanoni da 'yan siyasa. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da naira biliyan uku ga kowace jiha, kai da kai, wanda ruwa ya cinye da wanda yayyafi ya taɓa. Ana jin sanarwar shigowar kuɗi da ƙarfi, amma lissafin fitarsa, gida nawa aka gina, a wace mazaɓa, wa ya samu kuma wa aka tsallake, ba kasafai yake isa kunnen mai gonar da ta nutse ba. Ba sai an zargi kowa da sata ba kafin a ga illar wannan shiru. Inda babu lissafi a bayyane, mai gaskiya da maci amana kamanninsu ɗaya a idon talaka, jita-jita kuma ta cike gurbin.

Rashin ƙidaya tabbatacciya ma wani ciwon ne. A ƙarshen 2022, lokacin da ministar jinƙai ta wancan lokaci, Sadiya Umar Farouq, ta ce Jigawa ce ta fi kowace jiha shan wahalar ambaliya, kuma Bayelsa ba ta cikin goman farko, sai ƙura ta tashi, shugabannin yankin Neja Delta suka yi ca a kanta. Aka wayi gari jihohi biyu da ruwa ya cinye suna jayayya a kan wa ya fi nutsewa. Da akwai rajistar da kowa ya yarda da ita, gida-gida da gona-gona, da wannan gardama ba ta taso ba. Wanda ba a rubuta sunansa ba kafin ruwa, da wuya a tuna da shi bayan ruwa, musamman gwauruwa da tsoho da Bafulatanin ruga waɗanda ba su da mai tsaya musu a wajen rabo.

Adalci ne a faɗi cewa an taɓa wani abu. Gwamnatin jihar ta sayi injinan haƙa masu aiki a cikin ruwa domin yashe kogi da cire kachalla, an kuma ɗaga jinga a garuruwa da dama. Akwai shirin kula da ƙasa da ruwa na Bankin Duniya, ACReSAL, na dala miliyan 700, da aka amince da shi a 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Tun 2006 jihohi shida da ke shan ruwan kwarin Haɗeja da Komadugu Yobe, wato Kano, Jigawa, Yobe, Borno, Bauchi da Filato, suka kafa asusun haɗin gwiwa tare da gwamnatin tarayya domin kula da shi. Matsalar ita ce kogi bai san iyakar jiha ba, kuma bai san wa'adin gwamna ba. Yashe kilomita hamsin a Jigawa ba zai wadatar ba idan ba a daidaita da masu lura da Tiga a sama da mutanen Yobe a ƙasa ba, kachallar da aka cire bana kuma za ta dawo baɗi idan aikin na shekara ɗaya ne. Abin da ya faru a Maiduguri ranar 10 ga Satumba, 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye gari, ya nuna farashin sakaci da madatsa. Tiga ta haura shekara hamsin.

Ƙaddara, talauci da taurin kai

Uzuri na farko da ake kawowa shi ne ƙaddara: ruwa na Allah ne, wa ya isa ya tare shi? Babu Musulmin da zai yi jayayya da farkon maganar. Amma addinin da ya koyar da yarda da ƙaddara shi ne ya ba da labarin Annabi Yusuf, wanda da aka sanar da shi fari na tafe bai tsaya jajantawa ba, rumbu ya gina na shekara bakwai. Malaman tarihi sun ruwaito cewa a Shekarar Toka, shekara ta 18 bayan Hijira, da yunwa ta afka wa Madina da kewayenta, Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya haramta wa kansa nama da mai har jama'a su ƙoshi, ya sa aka ƙidaya masu cin abinci, ya jinkirta karɓar zakka, sannan ya rubuta wa gwamnonin larduna yana neman ɗauki, Abu Ubaida ya taho da ayarin raƙuma daga Sham. A cikin wannan labari akwai duk abin da ake magana a kai: shugaban da ya ɗauki abin a wuyansa, ƙidaya, sassauci ga wanda abin ya shafa, da neman taimakon na nesa ba tare da jin kunya ba. Saukar ruwa ƙaddara ce. Cushewar magudana, kwalbatin da aka yi da siminti kaɗan, da filin da aka yanka wa mutum a kan hanyar ruwa da sa hannun jami'i, waɗannan aikin ɗan Adam ne, kuma akwai wanda za a tambaya.

Uzuri na biyu ya fi nauyi: Jigawa ba ta da ƙarfin aljihu, kuɗin shigarta na cikin gida kaɗan ne, ga albashi, ga makarantu, ga asibitoci. Gaskiya ne. Sai dai talaka ne ya fi kowa buƙatar rigakafi, domin shi ne ba shi da halin magani. Gadar da ruwa ya ci sai an sake gina ta da kuɗin da ya ninka na gyaran kwalbatinta, amfanin gonar da ya nutse kuma shi ne tsadar hatsi a kasuwar Shuwarin da ta Maigatari bayan wata uku. Ƙasar Bangaladash ta isa misali. A 1970 guguwar teku ta kashe aƙalla mutum dubu 300 a yankin, a 1991 wata ta kashe kusan dubu 138. Ƙasar ba ta jira ta yi arziki ba. Ta horar da dubban 'yan sa-kai a ƙauyuka tare da ƙungiyar agaji ta Red Crescent, ta gina mafaka masu tudu waɗanda makarantu ne a sauran ranaku, ta tsara yadda gargaɗi zai isa kowane gida. A 2020, da guguwar Amphan ta zo, an kwashe sama da mutum miliyan biyu kafin isowarta, waɗanda suka rasu a ƙasar ba su kai hamsin ba. Lasifika da keke da jerin sunaye suka yi yawancin aikin, kuma babu ɗayansu da ya fi ƙarfin ƙaramar hukumar Miga ko Kiyawa.

Uzuri na uku a kan talakawa ake ɗora shi: an ce su tashi sun ƙi, suna zuba shara a magudana, suna gini a kwari. A birni akwai ƙamshin gaskiya a nan. Ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Dutse ba ya daɗewa kafin ya iso unguwanni, kuma duk ledar da aka jefa a lambatu da rani za ta dawo ƙofar gida da damina. Mazaunin Takur ko Fagoji da ya toshe magudanar ƙofar gidansa ba shi da bakin zagin gwamnati. Amma mutumin fadama da aka ce ya tashi, ina aka ce ya koma? Gonarsa a nan take, kaburburan iyayensa a nan suke, dausayin da ke kashe shi a Satumba shi ne ke ciyar da shi a Fabrairu. Sanarwar rediyo cewa mazauna bakin kogi su ƙaura zuwa tudu, ba tare da fili ba, ba rijiya, ba makaranta, wanke hannu ne kawai daga laifi. Idan aka ba mutum tudun da bai yi nisa da gonarsa ba, aka sa dagacinsa da limaminsa a cikin shawarar, a lokacin ne za a san ko taurin kai ne ke riƙe shi ko rashin mafita.

Hannun baƙo

A watan Disamba na 1991, watanni kaɗan bayan haihuwar Jigawa, Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 46/182, wanda har yau shi ne ginshiƙin aikin jinƙai na duniya. Ƙudurin ya ɗora alhakin farko na kula da waɗanda bala'i ya shafa a kan ƙasarsu, ya kuma sanya cewa agajin waje da yardar ƙasar yake shigowa. Ma'anar wannan ita ce ƙofar a hannun mai gida take, kuma yana iya cutar da iyalinsa ta hanyar rufe ta. Maƙwabtanmu na Nijar sun ga haka a 2005, bayan fari da farin ɗango sun cinye amfanin 2004. Asibitocin ƙungiyar likitoci ta MSF a Maraɗi sun cika da yara masu tamowa, amma Shugaba Mamadou Tandja ya fito ya ce babu yunwa a ƙasarsa. A ɗaya ɓangaren kuma ƙasashe masu bayarwa sun yi kunnen uwar shegu da kiran farko na Majalisar Ɗinkin Duniya, sai da hotunan yaran suka bayyana a talabijin ɗin Turai sannan kuɗi ya fara motsi. Girman kan mai gida da nawar baƙo suka haɗu a kan yaran Maraɗi.

Me ya sa ma za a ce baƙo na da bashi a kansa? Domin Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi huɗu cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya, amma tana cikin masu ɗanɗana kuɗarsa. Masana na ƙungiyar World Weather Attribution da suka nazarci daminar 2022 sun gano cewa sauyin yanayi ya ninka yiwuwar irin wannan ruwa a yankin Tafkin Chadi kusan sau 80. A taron yanayi na Sharm el-Sheikh a ƙasar Masar, a Nuwamban 2022, lokacin da mutanen Ringim da Haɗeja ba su gama komawa gidajensu ba, ƙasashen duniya suka amince a kafa asusun biyan asara da ɓarna. Da aka buɗe shi a Dubai a 2023, alƙawuran farko sun tsaya a wajen dala miliyan 700. Ƙiyasin Bankin Duniya na ɓarnar ambaliyar 2022 a Najeriya kaɗai ya kai kusan dala biliyan 6.7. Wato abin da aka alƙawarta wa duk ƙasashe matalauta da kaɗan ya wuce ushirin asarar ƙasa guda a damina guda. Pakistan, wadda ambaliyar 2022 ta shafi mutanenta miliyan 33, ta samu alƙawarin sama da dala biliyan tara a Janiba, amma mafi yawansa rance ne. Wanda aka ƙona wa rumbu aka kuma ba shi bashin hatsi da ruwa a kai, ba za a ce an yi masa zumunci ba.

Wasu za su ce, tunda ana shakkar hannun hukuma, masu bayarwa su tsallake ta su kai wa jama'a kai tsaye. A ranakun farko na iftila'i wannan na iya ceton rai, kuma babu mai raina aikin da UNICEF da Red Cross da ire-irensu ke yi na ruwan sha da magani da hana ɓarkewar amai da gudawa a sansanoni. Amma a matsayin tsari na dindindin, Haiti ta nuna ƙarshensa. Bayan girgizar ƙasa ta Janairun 2010 an zuba biliyoyin daloli, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na agajin gaggawa ya bi ta hannun gwamnatin ƙasar, ƙungiyoyi suka yi aikinsu suka tafi suka bar hukumomi da rauninsu. Kwalarar da sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka shigo da ita ta kashe kusan mutum dubu goma, sai a 2016 Ban Ki-moon ya nemi gafara. Baƙo ma yana kuskure, kuma shi ba a kayar da shi a zaɓe. Sannan baƙo yana iya naɗe tabarmarsa ba sallama: a 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta USAID cikin 'yan watanni, ayyuka da dama a arewacin Najeriya suka tsaya cik. Jihar da ta gina shirinta na damina a kan aljihun wani ta ga gargaɗi a nan. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Akwai kuma masu cewa, a can da nan, da wane ido za mu nemi diyyar yanayi alhali ba mu iya lissafin abin da ke hannunmu ba? Tambayar na da zafi domin tana da gaskiya a ciki. Amsarta ita ce laifin wani ba ya wanke na wani. Ɓarnar da hayaƙin Turai da Amurka da Sin ya jawo ba ta gushewa don an samu jami'i maci amana a Najeriya, haka kuma jami'in ba zai fake da sauyin yanayi ba. Amma a aikace, mai lissafi a hannu shi ke da bakin magana a teburin duniya. Jihar da za ta iya ajiye taswirar garuruwanta masu haɗari, rajistar gidajen da suka rushe, da bayanin inda kowace naira ta shiga, ita ce za ta iya neman tallafi a matsayin mai haƙƙi. Wadda ba ta da su, sai dai ta miƙa ƙoƙon bara ta karɓi abin da aka ga dama.

Aikin rani

Kayan aikin ba su yi nisa ba. Masarautun Dutse, Haɗeja, Ringim, Gumel da Kazaure suna da hakimai da dagatai da masu unguwanni waɗanda suka san kowane gida da adadin mutanensa. Masarautar Dutse ta yi suna wajen tattara zakka da rabon ta gunduma-gunduma tun zamanin marigayi Sarki Nuhu Muhammad Sanusi, a fili, a gaban jama'a, kowa na ganin buhun da ya shigo da wanda ya fita. Tsarin da ya iya wannan zai iya riƙe rajistar masu rauni kafin damina, ya kuma sa ido a ranar rabo. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 a kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, idan aka aiwatar da shi da gaske, zai sa a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa idan kwalbati ya toshe, domin shugaban ƙaramar hukuma ba zai ƙara cewa kuɗin na Dutse ba. Abin da ya rage shi ne a mayar da waɗannan abubuwa ƙa'ida: yashe kogi ya zama layi na dindindin a kasafin kuɗi, a yi yarjejeniya a rubuce da masu kula da Tiga da Challawa a kan sanar da garuruwan ƙasa kwanaki kafin ruwa ya iso, a tanadi mafaka a tudu domin yara su daina rasa zangon karatu saboda an mayar da ajinsu sansani, a ba manomin da ya yi asara iri da taki a kan kari ya kama noman rani, a kuma liƙa lissafin kason muhalli da na gudummawa a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma inda mai wucewa zai karanta.

Da yawa daga cikin ma'aikatan da ke rubuta kasafin kuɗi, masu zana hanyoyi da masu sa hannu a takardun filaye, a Takur da maƙwabtanta suke kwana, kuma su ne waya ke tasa cikin dare idan soro ya rufta a ƙauye. Sun fi kowa sanin cewa rabin albashin da suke aikawa gida a Satumba haraji ne na biyu da suke biya saboda aikin da ba a yi a Maris ba. Saboda haka lokacin yi wa gwamnati hisabi a kan ambaliya shi ne tsakiyar rani, sa'adda kogi ya koma rairayi, rana na dukan duwatsun Dutse, babu mai tunanin ruwa. A lokacin ne ya kamata ɗan majalisa da ɗan jarida da limamin Juma'a su tambaya: kilomita nawa aka yashe, jinga nawa aka ɗaga, sunan wa aka rubuta, nawa ya shigo kuma ina ya tafi? Idan an samu amsa a Maris, motocin da za su tashi a Satumba za su ragu, baƙon da ya zo da taimako zai tarar da inda zai zuba shi, wanda aka miƙa wa buhu kuma zai karɓa da sanin cewa nasa ne aka kawo masa.